Wai fumfuna ce ke sa koko tsami? Ku zo ku raba ni da ƙanwata

Baban_Ummi_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar Juma'a muke gardama da ƙanwata, na ce bari in kawo nan a raba mu. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, ta zo gida tana nuna mana hotunan wasu kwalabe a waya, cikinsu wani farin abu kamar auduga yana yawo a ruwa. Wai fumfuna ce take kiwo da gangan, tana ba ta sitacin rogo, ita kuma tana mayar da shi wani abu wai shi laktik asid. Na ce mene ne shi kuma? Ta ce shi ne tsamin da ke cikin nono da koko. To nan fa na tsaya. Mma ta fi shekara ashirin tana sayar da koko a bakin titi, kuma duk ranar da ta ga fumfuna a gasara zubarwa take yi, ko kaji ba ta ba. In tsamin ɗaya ne, ke nan fumfuna muke sha kullum da safe? Na biyu, in da gaske ana sayen abin nan da kuɗi, me zai hana mu tara ɓawon rogon da masu fufu ke zubarwa, mu yi shi a bayan gida?

Hajia_MaiKoko_Asawase:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka faɗa wa ƙanwarka ta bar koko ya sarara. Gero muke jiƙawa ya kwana, a wanke, a kai inji da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama shi ke yin tsami, shi muke tafasawa mu dama da shi. Ina fumfuna a nan? Fumfuna sai ƙazama, wadda ta bar roba ba wanki.

Malam_Kimiyya:
Hajiya ta yi gaskiya, ƙanwarka ma ta yi gaskiya, kai ne ka haɗa zance biyu wuri ɗaya, Baban Ummi. Asid ɗin dai ɗaya ne, masu yin sa ne daban. A koko da nono da dokunu, wato tuwon masarar nan mai tsami, ƙwayoyin bakteriya ne ke cin sukarin da ke ciki su fitar da tsami. Wanda aka fi samu a koko da ƙullun dokunu shi ne Lactobacillus fermentum. Ido ba ya ganinsu, ba sa yin gashi, ba sa yin baƙi-baƙi. Abin da ƙanwarka ke kiwo kuwa, in ban yi kuskure ba, Rhizopus oryzae ne, ɗan'uwan fumfunar nan da ke fitowa a kan burodin da ya kwana uku a leda. Shi ma ya iya yin wannan tsamin, amma ta hanyarsa. Wuri ɗaya ake zuwa, mota ce daban.

Shi asid ɗin ma a cikin nono mai tsami aka fara ware shi. Wani masani ɗan Suwidin, Scheele, ya yi wannan a 1780, sai a 1857 Pasteur na Faransa ya nuna cewa halittu ne masu rai ke yin aikin. Su Hajiya kam kakanninsu sun riga Pasteur iya aikin, suna ne kawai ba su ba shi ba.

Sawaba_Boy:
Chale ni dai na daina cin burodi daga yau.

Hajia_MaiKoko_Asawase:
Allah ya yi maka albarka Malam. Dama na san ba mu ba ne.

Baban_Ummi_Aboabo:
To Malam na ji na farko. Amma in bakteriyar koko na yin abin nan kyauta a robar Mma, me ya sa yarinyar nan ke wahalar da kanta da fumfuna? Ta ɗebi ruwan tsami kawai mana.

Zulai_Lab:
Yaya, ashe har nan ka kawo ni. Ummi ce ta nuna min a wayar mamanta. To bari in yi bayanin da ka hana ni ƙarasawa ranar Juma'a saboda kana sauri ka tafi kallon ƙwallo.

Dalili na farko abinci ne. Bakteriyar nan 'yan gayu ne, ba sa aiki sai an haɗa musu da kayan gina jiki masu tsada, irin tsantsar yis da sauransu, kuma yawancinsu ba su iya cin sitaci kai tsaye ba, sai an fara narka musu shi ya koma sukari. Rhizopus kuwa bawan Allah ne, yana fitar da sinadarin da ke yanka sitaci da kansa. Ka dafa masa sitaci, ka zuba ɗan yuriya ko amoniyam salfet, irin na taki, da wasu 'yan gishirin ma'adinai, shi ke nan ya kama aiki.

Na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci. Laktik asid iri biyu ne, ana ce musu L da D. Kamar hannun dama da na hagu suke, komai nasu ɗaya amma ba sa shiga safar hannu ɗaya. Jikin mutum L yake yi, shi ya fi saurin sarrafawa. Bakteriyar koko tana haɗa duka biyun ne, ta ƙara da wasu abubuwan daban. Rhizopus kuwa kusan zalla L yake bayarwa, kuma shi masu yin roba da masu haɗa magani ke nema. Shi ya sa ruwan tsamin Mma ya yi daidai da koko amma bai yi wa kamfani ba.

Na uku, idan an gama, tace fumfuna ba wuya, kyalle ma zai riƙe ta. Bakteriya sai da injin da ke juyawa da ƙarfi ko matata ta musamman.

Alhaji_Tafo:
Masha Allah. Yarinya, Allah ya ƙara basira. Baban Ummi ka ba da kai kawai.

Nas_Rabi:
Kafin a yi nisa da zancen bayan gida, don Allah ku saurare ni. Wannan Rhizopus ɗin da ake yabo, shi ne kan gaba wajen kawo cutar da aka yi ta kira baƙar fumfuna a Indiya a 2021, lokacin korona. Ƙurar irinsa ake shaƙa, ta kama cikin hanci, ta wuce ido, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Mai lafiya ƙalau yana shaƙar ta kullum a iska ba abin da zai same shi, amma mai ciwon suga da bai daidaita ba, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, shi ne abin tsoro. Yanzu ku lissafa min, gida nawa ne a Aboabo ko Asawase, nan Kumasi, babu tsoho mai ciwon suga? Ga ɗakunanmu a cushe, tsakar gida ɗaya mutum talatin. A ɗakin gwaji akwai ƙa'ida, akwai takunkumi, ana kashe komai da tururi kafin a zubar. A bayan gida wa zai yi wannan?

Sawaba_Boy:
Ka ji ko. Burodi dai na bar shi har abada.

Zulai_Lab:
Anti Rabi ba ki faɗi ƙarya ba. Abin da zan ƙara kawai, idan fumfunar tana nutse a cikin ruwa ana kaɗa ta, ba ta cika yin ƙurar iri ba. Sai ta samu sarari ta taso sama ta bushe, shi ne take yin baƙin kai. Amma dole a wani mataki sai ka tara irin, don da shi ake shukawa, kuma wannan a cikin akwati na musamman muke yi. Ni ban taɓa cewa a yi a gida ba, Yaya ne mai wannan shawarar.

Dan_Tumaki_Alaba:
Ni inda zan sa baki shi ne maganar "ɓawon rogon da ake zubarwa". Baban Ummi, wa ya faɗa maka zubarwa ake yi? Ka tashi da asuba ka je wajen masu fufu ka gani. Kowace mata tana da mai ɗaukar ɓawonta, wasunmu ma mun yi shekaru da mutum ɗaya, da Sallah har nama muke kai mata don kada wani ya ƙwace mana layi. Raguna huɗu nake kiwo a lungu, da ɓawon rogo da na ayaba da dusa suke rayuwa. In an kusa Layya har rigima ake yi a kan buhu ɗaya. Ranar da kuka fara saye don yin asid, mu kun kashe mu.

Kuma ɗanye ba a ba dabba da yawa, sai an shanya. Na taɓa asarar tunkiya mai ciki a kan haka, yaro ya zuba mata sabon ɓawo da rana, kafin magariba tana kumfa. To abin da ya kashe tunkiya ba zai kashe fumfunar ba?

Malam_Kimiyya:
Gubar da ta kashe tunkiyarka sayanayid ce, tana fitowa daga wani sinadari da ke cikin rogo, kuma ya fi yawa a ɓawo. Jiƙawa da shanyawa da dafawa suna korar mafi yawanta, shi ya sa gari da kokonte, tuwon busasshen rogo, ba sa kashe mu. Tunda dole a dafa kafin a shuka fumfunar, ba nan matsalar take ba. Matsalar ɓawo ita ce sitacinsa bai kai na cikin rogon ba, ga ƙaiƙayi da ƙasa, kuma Rhizopus ba gwanin cin ƙaiƙayi ba ne. Sai ka tara tudu guda ka samu abin da bai taka kara ya karya ba.

Ustaz_Bashir:
Ina da tambaya ga 'yarmu Zulai. Na ji ana cewa irin wannan tsimi yana fitar da giya. Gaskiya ne? In haka ne ya matsayin abin da aka samu?

Zulai_Lab:
Gaskiya ne Ustaz, kuma shi ne babban ciwon kaina. Rhizopus sai da iska yake aiki, ba kamar bakteriyar koko da ke son a rufe su a ƙyale su ba. Idan iska ta yi masa kaɗan sai ya karkata, maimakon asid ya riƙa yin sinadarin barasa. Ko da iskar ta wadata yana ɗan yin kaɗan, da wani asid daban mai suna fumarik. Mu a wajenmu asara ce, sitacin da ya kamata ya zama kaya ya tafi a banza. Wajen tacewa da ƙafewa duk yana fita, abin da ake sayarwa babu shi a ciki.

Ustaz_Bashir:
To alhamdu lillahi. In dai ba abin sha mai sa maye ake nufi ba, kuma bai saura a ciki ba, ban ga abin damuwa ba. Ƙullun burodi da na masa ma in sun kumbura akwai ɗan wannan a ciki, wuta ke kore shi, ba wanda ya ce masa haramun ce. Allah shi ne mafi sani.

Kocin_Yara:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Wannan laktik asid ɗin shi ne wanda ke taruwa a cinya bayan an buga ƙwallo? Yarana in mun yi atisaye mai zafi ranar Asabar, Litinin ba sa iya hawa bene, ina ce musu asid ne ya kwanta.

Nas_Rabi:
Koci, shi ne, amma ka daina ɗora masa laifin Litinin. Jiki yana yin sa lokacin gudu mai tsanani, kuma cikin awa ɗaya ko makamancin haka bayan an huta ya share shi, har ma ya ƙona shi ya samu ƙarfi. Ciwon da ke zuwa bayan kwana biyu daga 'yan ƙananan yagewa ne a tsoka. Kuma in ka taɓa kwanciya aka sa maka ruwan Ringa, to gishirin wannan asid ɗin yana cikin ledar, ta jijiya ya shige ka.

Kocin_Yara:
Shekara goma ina faɗa wa yara ƙarya ke nan. Kada wanda ya kai musu wannan zancen.

Injiniya_Suame:
Mu dawo kan tambayar Baban Ummi ta biyu, don ni ita ta fi jan hankalina. Tanki ba matsala ba ne, a Magazin, wajen makanikai na Suame, za mu haɗa maka na ƙarfen da ba ya tsatsa, da abin kaɗawa da famfon iska. Ni tambayata Zulai, in an gama tsimin me ke fitowa? Ruwa ne kawai a zuba a galan a kai kasuwa?

Zulai_Lab:
Ina ma haka ne, Injiniya. Bari in ba ku labarin yadda abin yake a hannu.

Da farko sitacin in an dafa shi kauri yake yi kamar talge, iska ba ta ratsa shi, sai an yi dabara ya saki. A kashe duk wata ƙwaya da tururi, ya huce, a shuka irin. Zafin da yake so wajen digiri 30 zuwa 35 ne, wato zafin Kumasi da rana ma ya kusa isa. Bayan kwana ɗaya za ka ga ya fara. In ka yi sa'a sai ya dunƙule ƙanana-ƙanana kamar dambu, kowane ƙwaya na yawo da kansa, iska na samun ko'ina. In ba ka yi sa'a ba sai ya haɗe ya zama curi guda kamar tsumman da ya toshe kwata, ya nannaɗe abin kaɗawa. Wajen curin yana numfashi, cikinsa ya shaƙe, sai warin giya. Sau biyu ina buɗe kwalba in ji wannan warin in san sati guda ya tafi. Na ukun kuma komai na tafiya daidai, wuta ta ɗauke cikin dare, injin kaɗawa ya tsaya har safe. Na zauna a bakin ƙofa na yi kukana na share hawaye.

Sannan asid ɗin da yake yi shi ke hana shi aiki. In tsami ya yi yawa sai ya tsaya. Don haka muke zuba garin alli, wato kalsiyam kabonet, yana kashe tsamin a hankali. Ke nan abin da ke cikin tankin a ƙarshe ba asid ba ne, gishirinsa ne, kalsiyam laktet. In ya yi yawa ma daskarewa yake yi a ciki kamar kitse. Don a dawo da shi asid sai an zuba salfurik asid, wanda ke cikin ruwan batir. Shi kuma sai ya kama allin su zama farin laka su kwanta, jifsam ke nan. Kusan duk kilo ɗaya na asid da ka samu, ka samu kilo ɗaya na wannan lakar. Bayan nan ga tacewa da gawayi don a cire launi, ga ƙafe ruwa, kuma in na roba ko na magani ake so, akwai wasu matakan a gaba. Kiwon fumfunar shi ne mai sauƙi. Fitar da abin da tsabta shi ke cin kuɗi.

Mai_POP_Sabo:
Tsaya tsaya. Jifsam kika ce? Ai shi ake gasawa a yi garin da muke silin da shi, wanda muke saye da tsada daga waje. Ku yi asid ɗinku ku ba ni lakar, abin nema ya samu.

Injiniya_Suame:
Sabo kai dai ko gawa aka ce akwai farin gari a jikinta sai ka tambayi farashi.

Malam_Kimiyya:
Sabo, sinadarin ɗaya ne, amma wanda ya fito daga tanki yana ɗauke da datti da wari, sai an wanke an gasa, kuma kuɗin wannan na iya fin na buhun da kake saye. Manyan kamfanoni ma lakar nan ta dame su. Shi ya sa Cargill a Amurka suka koma amfani da wani yis da aka gyara wa halitta, mai jure tsami, don a rage alli da lakar gaba ɗaya. Shi ma yis ɗin dangin fumfuna ne in an bi salsala.

Kuma in faɗi wani abu da Zulai ba za ta so ji ba. Aikin Rhizopus ba sabo ba ne, masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1930. Duk da haka har yau mafi yawan laktik asid na duniya ba da shi ake yi ba. A takarda, giram 180 na sukarin gulukos zai iya ba da giram 180 na asid. Bakteriya masu kyau suna kusantar wannan, shi kuwa Rhizopus yana cinye wani kaso ya gina jikinsa, wani ya tafi a barasa da fumarik, ga kuɗin wutar hura iska dare da rana. Abin da ka rage a kuɗin abinci sai ka biya a mita.

Zulai_Lab:
Na sani Malam, yana cikin babi na biyu na aikina. Amma su suna da masara da rake da wuta mai araha, mu rogo muke da shi. Gana na noma sama da tan miliyan 20 a shekara, kuma rogo in an tono shi kwana biyu uku ya fara lalacewa. Tailan ma ƙasar rogo da rake ce, ga shi a Rayong suna da masana'antar laktik asid da ta robarsa. Ba daga sama suka faɗo ba.

Alhaji_Tafo:
Rogon nan da kuke lissafi a takarda, cikin mutane yake tafiya. Fufu, gari, kokonte, banku. Lokacin Shugaba Kufuor an kafa masana'antar sitaci a Bawjiase, duk wanda ya bi labarin ya san samun rogon da zai ciyar da inji kullum ba wasa ba ne. Manomi in mai gari ya fi ka biya, wajensa zai kai, kuma bai yi laifi ba. Rogo ɗanye fiye da rabinsa ruwa ne, sai ka ɗauko kilo huɗu ko biyar kafin ka samu kilo ɗaya na sitaci, ga kuɗin mota daga ƙauye. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Yar_Nima_a_Kumasi:
Ni maganar robar ce ta tsaya min. Wai da gaske daga wannan tsamin ake yin leda mai ruɓewa? Don ina Nima lokacin ambaliyar 3 ga Yuni 2015, na ga abin da leda ta yi wa kwatoci har kogin Odo ya cika ya tumbatsa. Nan ma ku leƙa rafin Aboabo bayan ruwan sama, ledar fiya wata da ta koko ce kawai. In akwai ledar da za ta narke da kanta ai gwamnati ta sa hannu.

Hajia_MaiKoko_Asawase:
Ga shi an sake dawowa kan koko. Da a ƙwarya da kofi muke sayarwa, ku ne kuka ce a ƙulla muku a leda kuna sauri.

Malam_Kimiyya:
'Yar Nima, ana yi, sunanta PLA. Ana ɗinke ƙwayoyin asid ɗin ne su zama dogon zare. Akwai babbar masana'antarta a Blair ta jihar Nebraska a Amurka tun 2002, da masara suke yi. Amma kada ki sa rai da yawa. Ba ta narkewa a kwata ko a rafi, sai an kai ta wurin yin takin zamani na musamman inda zafi ke kaiwa wajen digiri 60 da danshi. In kin jefa ta a Aboabo za ta zauna ta toshe gada kamar 'yar'uwarta. Kuma tana laushi da zafi tun daga wajen digiri 60 ɗin, ke nan kokon Hajiya mai tururi ba abokin tafiyarta ba ne.

Maman_Sabulu:
Ku kuna ta zancen tan miliyan, ni kwalba ɗaya nake nema. Ina haɗa sabulun ruwa da man shafawa da man kaɗe, kuma laktik asid na cikin abin da nake sawa kaɗan don daidaita tsami da laushin fata. Daga Ankara, babban birninmu, ake kawo min, na waje ne, kuma duk lokacin da dala ta motsa sai ya motsa. Zulai in kin gama ki fara da mu ƙanana, mu ba ma neman na roba.

Sawaba_Boy:
Anti ba dai na bilicin ba ko?

Maman_Sabulu:
Kai yaro ka kiyaye ni. Ni ba na taɓa kayan bilicin. Wannan matacciyar fata yake cirewa, kuma shi ma in an zuba da yawa ƙuna yake yi, shi ya sa da ma'auni nake aiki.

Zulai_Lab:
Anti, abin da na samu zuwa yanzu bai cika ƙaramin kofin shayi ba, kuma launinsa kamar ruwan tsamiya. Ko kyauta ba zan ba ki ki sa a fatar mutane ba, sai an auna an tabbatar babu saura, hukumar abinci da magunguna ma ba za ta yarda ba. Amma kin ba ni abin da zan rubuta a babi na biyar.

Dan_Tumaki_Alaba:
Ita fumfunar da aka tace fa, ina ake kai ta? Raguna za su ci?

Malam_Kimiyya:
Tambaya mai kyau. A Indunusiya da dangin wannan fumfunar suke yin wani abinci da waken suya, tempe, farin gashin ne ke ɗinke waken ya zama curi, a yanka a soya. To jikinta abinci ne. Amma wadda ta fito daga tanki cike da alli, sai an gwada tukuna. Kuma kada wani ya karanta wannan ya ce fumfunar gyaɗa ko ta masara ma ba komai. Waccan Aspergillus flavus ce, tana yin gubar aflatoksin mai lalata hanta, dafuwa ba ta kashe ta. Kama da wane ba ta wane.

Baban_Ummi_Aboabo:
To na ji jiki. An ce ɓawo na masu raguna ne, bayan gida na masu ciwon suga ne, lakar ta Sabo ce. Amma ni har yanzu ban ga wanda ya ce ba za a iya ba, kowa tsada yake cewa. Injiniya, tanki mai cin galan hamsin nawa zai kai? Ba a gida ba, Anti Rabi, kafin ki taso min.

Injiniya_Suame:
Ka zo Magazin ranar Laraba bayan azahar mu zana. Ka taho da Zulai, don ni ban san girman famfon iskar da dambun nata ke so ba. Kuma ka fara tunanin janareta.

Zulai_Lab:
Laraba ina da gwaji na huɗu a kan injin kaɗawa, ba inda zan je sai na ga ya dunƙule. Yaya, in da gaske kake, fara da sayo min sitaci kilo biyu a kasuwar Kejetia, wanda ba a sa masa bula ba.

Hajia_MaiKoko_Asawase:
Na wanki za ki ce masa, in ba haka ba garin kokonte zai kawo miki.